Masu gwajin ruwan da muka ɗauko kan yoyon gidan mai: yadda na ga aikinsu

Ni ne sakataren kwamitin ruwa na garinmu, wani gari na bakin titi a ƙasar Ringim, kuma ni aka wakilta in riƙa bin ma'aikatan da muka ɗauko daga Kano su tantance mana ko fetur ɗin gidan man bakin tasha ne ke shiga rijiyoyinmu. Tun da suka tafi mutanen garuruwan kusa ke tare ni ranar kasuwa suna tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya. Amma akwai inda suka ɓata mini rai, kuma zan faɗa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, ba kuma zan kama na gidan man ba, don maganar gyara ba ta ƙare ba tukuna. So nake wanda irin wannan ta same shi ya san yadda aikin gaske yake, saboda masu cewa suna gwajin ruwa sun yi yawa, kuma ba kowannensu ne ya san fetur ba.

A ƙarshen damina rijiyar masallacin tasha ta fara wari. Masu alwala ne suka fara ji, sai mai shayin da ke ɗiba a nan ya ce ana dawo masa da kofi ba a sha rabi ba. In aka jawo guga aka ajiye a rana, sai ka ga maiƙo mai launi-launi yana yawo a saman ruwan. Ruwa ba ya tsami banza, kowa ya juya ya kalli gidan mai, da yake tsakaninsa da masallacin ba nisa. Alhaji mai gidan man ya fito da littafinsa, ya ce ga abin da aka sauke masa, ga abin da ya sayar, shi bai ga giɓi ba. Ɗan gari ne, ba a san shi da ƙarya ba, jikokinsa ma ruwan unguwar suke sha. Gari ya rabu biyu, har wasu suka daina gaisawa da safe. Mai gari ne ya yanke cewa a nemo waɗanda suka san aikin, Alhaji ya biya na ɓangaren tankunansa, ƙungiyar 'yan garin da ke aiki a birni ta ɗauki na rijiyoyi.

Kafin mu daidaita da waɗannan, wani ya yi mana tayi mai sauƙi. Ya ce mu cika jarka mu ba direban tasha ya kai masa, kuɗinsa kaɗan, gobe takarda ta fito. Na faɗa wa injiniyan kamfanin na Kano haka a waya, ko zai rage mana wani abu. Bai rage ba, amma amsar da ya ba ni ce ta sa na tsaya a kansu a gaban kwamiti.

"Malam," in ji shi, "in ka zuba ruwan nan a jarka aka ɗora a mota cikin rana, abin da muke nema ya bi iska kafin a kai Gezawa. Sannan gwajin da aka saba yi wa ruwan sha ƙwayoyin cuta yake dubawa, da gishiri, da ƙarfe. Ba ya ganin fetur. Takarda za ta fito ta ce ruwanku lafiya lau, ku koma kuna sha."

Su uku suka zo: injiniyan, dattijo ne masanin ƙasa da ruwan da ke cikinta, wani matashi mai gwajin tanki, da wata matashiya daga ɗakin gwaje-gwaje. Farkon zuwansu ba su sauke ko na'ura ɗaya daga mota ba, har wasu suka fara gunaguni cewa yawo aka biya su. Yawon kuwa shi ne rabin aikin. Sun zagaya unguwar da ƙafa suna rubuta kowace rijiya da kowane famfo, da inda 'yan bumburutu ke jera galan-galan ɗinsu, da rumfar bakaniken da ke zubar da baƙin mai a kwata, da inda janareton mai cajin waya yake. Injiniyan ya gaya wa mai gari a gaban jama'a, "Ranka ya daɗe, ba mu zo don mu kama Alhaji ba, ba mu kuma zo don mu wanke shi ba. Duk abin da ke zubar da mai a unguwar nan sai mun duba shi." Wannan maganar ta sauke wa mutane da yawa zuciya, har shi Alhajin.

Littafin da Alhaji ya dogara da shi suka fara zama a kai. Bayanin da matashin ya yi ya nuna mini yadda mutum zai yi gaskiya kuma mansa na zuba. Fetur yana kumbura da zafi, yana tsukewa da sanyi, kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri. Tankar da ta ɗauko lita 33,000, in man ya huce da digiri biyar bayan an sauke shi a ƙasa, sama da lita 150 sun ragu a awo ba tare da ko ɗigo ya zuba ba. Ga wanda ke tashi ta bututun numfashin tanki, ga kuskuren sandar awo. Duk mai gidan mai ya saba ganin ɗan bambanci ya ce zafi ne, to a cikin wannan ɗan bambancin yoyo ke ɓuya. Ya ce a Amurka, inda aka kafa dokar tankunan ƙasa a 1988 aka ba masu gidajen mai wa'adi zuwa Disambar 1998 su gyara ko su rufe, ana so gwajin tanki ya iya kama yoyon kashi ɗaya cikin goma na galan a awa guda. Na buga lissafin a wayata: kusan lita 9 ke nan a rana, sama da lita 3,000 a shekara. Gidan da ke sayar da dubban litoci a rana ba zai taɓa ganin lita 9 a littafi ba. Can ɗin ma, da duk kayan aikinsu, adadin lokutan da suka tabbatar an samu yoyo ya haura 500,000.

Sai aka rufe gidan man aka shiga gwaji. Sun shafa wani abu mai kauri a ƙasan sandar awo suka zura har gindin tanki. In akwai ruwa kwance a ƙarƙashin man, abin yana canza launi. Ɗaya daga cikin tankunan ya nuna ruwa kaɗan, suka ce a zuƙe shi, domin irin wannan ruwan ne ke cin ƙarfe daga ciki. Daga nan suka toshe duk ƙofofin kowane tanki suka gwada ko yana riƙe iska. Tankunan duka suka riƙe. Na ga fuskar Alhaji ta washe, mutanensa har sun fara cewa to ga shi nan. Matashin ya ce a dakata, tanki daban, bututu daban, kuma sau da yawa daga bututu matsalar take. Ya ware layin da ya tashi daga tankin fetur zuwa famfon sayarwa, ya ɗura masa iska ya maƙala agogon awo. Muna tsaye muna kallo allurar ta fara sauka a hankali, ba ta tsaya ba.

Da hannu aka tona, da shebur, bayan an kori yara an hana kunna mashin ko sigari a kusa. Ba wanda ya yi musu. Mu nan ba a yi mana dogon bayani kan fetur da wuta. Majiya ta ƙaramar hukumar Taura ba nisa gare mu, inda tanka ta kama da wuta a Oktoban 2024 mutum sama da 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Tun kafin a kai ga bututun rairayin ya koma toka-toka, yana damshi, warinsa na hawa kai. A wata gwiwa inda bututu ya karya kwana aka samu abin. Tsatsa ta lulluɓe wurin, sai da aka goge da buroshin waya sannan muka ga 'yar hudar, ƙarama ƙwarai, gefenta ya yi baƙi. Alhaji ya tsuguna ya daɗe yana kallonta, ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya miƙe ya ce a kulle layin nan take. Sun kuma nuna masa bakin da tanka ke sauke mai: babu siminti, babu abin tare zuba, rairayi ne tsirara, duk ragowar da ke cikin tiyo nan ake zazzage ta shekara da shekaru.

Da a nan suka tsaya da an ce sun gama, tunda an ga mai laifi. Amma tambayar da ta fi damun mu ita ce ina man ya tafi, kuma rijiyar wa zai shiga gaba. A nan ne na ga bambancin masani da mai na'ura kawai.

Injiniyan ya sa aka kira masa tsohon da ya haƙa yawancin rijiyoyin unguwar. Ya shimfiɗa masa tabarma, shi ya zauna a ƙasa da littafi.

"Baba, da ka haƙa ta masallaci, me ka fara tararwa?"

"Rairayi ne, ɗana, har gaba huɗu. Sai jar ƙasa mai ɗan tauri. A gaba takwas ido ya ɓalle."

"Laka fa, Baba? Ka taɓa cin karo da ita?"

"Sai a ta gidan marigayi Sarkin Noma, shekarar da aka yi fari muka ƙara mata zurfi. Ƙasa da ruwan farko take, baƙa, tana kama diga."

Rijiya bayan rijiya suka bi, yana rubutawa. Daga baya ya bayyana mana cewa kudancin Kano da wajen Birnin Kudu dutse ne a ƙasa, ruwa a tsagar dutse yake zama, mu kuwa nan muna kan shimfiɗar rairayi da laka ta kwarin Chadi. Rairayi ba ya tare komai. Fetur da ya zuba zai gangara kai tsaye har ya iske ruwa, kuma da yake ya fi ruwa rashin nauyi sai ya kwanta a samansa kamar man gyaɗa a kan miya, wani sashensa kuma ya narke ya bi ruwan duk inda ya nufa. Lakar da Baba ya ambata ita ce ta raba ruwan kusa da muke ja da guga da ruwa mai zurfi da burtsatse ke kaiwa gare shi.

Injiniyan ne kuma ya warware mana dalilin da ya sa warin ya fito a ƙarshen damina. Man ya daɗe a maƙale cikin rairayin da ke saman ruwa. Da ruwan Agusta ya sauka, ruwan ƙasa ya taso ya wanke wannan rairayin. Ya ja kunnenmu cewa da rani, in ruwan ya ja baya, warin na iya raguwa har mutane su ce rijiya ta warke, alhali man na nan yana jiran wata daminar.

Don gane inda ruwan ƙasa ya dosa, sun auna zurfin ruwa a rijiyoyi da wani tef mai ƙara in ya taɓa ruwa, da asuba kafin a fara ja. Sannan suka auna tsayin bakin kowace rijiya da na'urar safiyo, domin bakunan ba a tudu ɗaya suke ba. Injiniyan ya ce aƙalla wuri uku ake buƙata, waɗanda ba su jeru a layi ɗaya ba, kafin a zana kibiya. Duk garin mun ɗauka man zai bi inda ruwan sama ke gangarawa, wato ta bayan tasha zuwa kududdufi. Kibiyarsa ta nuna wani wajen daban, cikin unguwa, ta ƙarƙashin masallaci zuwa layin makarantar firamare. Wani ɓangaren dalilin ma mu ne: akwai 'yar gajeriyar burtsatse mai inji da 'yan garuwa ke cika jarkoki a wannan layin, wuni take tana zuƙa, tana jawo ruwan wajenta tare da abin da ke cikinsa. Suka bi layin suna huda ƙasa da abin haƙa na hannu, suna kara wata 'yar na'ura mai shaƙar tururi a kan ƙasar da ta fito, lambarta na hawa kusa da gidan mai tana sauka in an yi nisa. A wurare uku suka kafa siraran bututun roba har cikin ruwa, suka yi musu murfi da kwaɗo, don a riƙa ɗibar ruwan gwaji nan gaba.

Zuwa da mace a cikinsu dabara ce babba, kuma duk wanda zai ɗauko irin waɗannan ma'aikata ya tambayi wannan tun farko. Yawancin rijiyoyinmu a cikin gida suke, inda baƙon namiji ba ya shiga. Ita ta shiga ko'ina, kuma mata suka gaya mata abin da ba su gaya mana ba: wace rijiya ce ta fara sa wa tuwo ɗanɗano, tun yaushe, yaran wane gida ne ke ƙorafin ciwon kai in an yi musu wanka a ɗaki. A gidanmu na ga yadda take ɗibar ruwan. 'Yan ƙananan kwalabe ne na gilashi, mililita 40, da ɗigon sinadarin da ke hana ruwan canzawa a ciki. Takan zuba a hankali ta gefen kwalbar don kada ya yi kumfa, har ruwan ya yi tozo a baki, ta rufe, ta kifa kwalbar ta ƙwanƙwasa da farce tana kallo a hasken rana. In ta ga ƙwayar iska ko ɗaya, sai ta ajiye ta ɗauki sabuwa. Mahaifiyata da ke zaune tana kallo ta ce, "'Yata, wannan ɗan kumfan ne zai sa ki sake?" Ta ce, "Hajiya, cikin kumfan nan abin yake guduwa." Kowace kwalba ta rubuta mata suna da lokaci ta sa a kula mai ƙanƙara. Akwai ma kwalbar da ta zo da ita cike da tsabtataccen ruwa tun daga ɗakin gwaji, ba a buɗe ta ba, ta yi tafiyar tare da sauran ta koma. In aka samu fetur a cikinta, an san a hanya aka ɗauko shi, ba a rijiya ba. Wannan kula da ƙananan abubuwa ita ta sa da sakamako ya fito ba wanda ya iya cewa an yi son kai.

Abin da suka fi nema sunansa benzin, ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin fetur, kuma yana cikin waɗanda suka fi saurin narkewa a ruwa. An tabbatar yana jawo sankarar jini ga wanda ya daɗe yana shan sa ko shaƙar sa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a ruwan sha ita ce maikurogiram 10 a lita, wato giram ɗaya tak a cikin lita 100,000. In aka ƙaddara benzin kashi ɗaya ne cikin ɗari na fetur, lita guda ta isa ta kai ruwa kusan lita 900,000 wannan iyakar. Na daɗe ina juya wannan lissafin a raina, ina tuna lita 9 a rana. Injiniyan ya ce namu bai kama ƙafar abin da aka gani a ƙasar Ogoni ba, inda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu rijiyoyin Nisisioken Ogale da benzin da ya ninka iyakar sama da sau 900, da mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasa. Amma ya ce kada wannan ya sa mu saki jiki, iyaka iyaka ce.

Rijiyar masallaci ta haura iyakar nesa ba kusa ba, wannan kowa ya zata. Abin da ya girgiza mu gidan da ke bayanta ne. Ruwansu garau, ba wari, ba ɗanɗano, har maƙwabta sun koma can suna ɗiba tun da aka bar ta masallaci, ga shi kuwa benzin ɗinsa ya wuce iyaka. Hanci ba ya kama benzin a wannan ƙanƙantar, kuma shi yakan riga sauran sinadaran fetur isa rijiya. Can gefe guda kuma akwai rijiyar wani lambu da ke warin mai sosai, mai ita ya fi kowa ɗaga murya a kan Alhaji. Ashe ba ta ma kan hanyar ruwan. Injin ban-ruwansa da yake ɗorawa a bakin rijiyar ne ke ɗiga a ciki. Babbar burtsatsen sola ta gari, wadda ta huda lakar ta wuce, ta fito tsaf, sai dai sun ce a sake zuba siminti a wuyanta don kada ruwan sama ya bi jikin bututu ya sauka. Famfon tuƙa-tuƙa na makaranta shi ma tsaf, amma yana kan kibiya. Injiniyan ya ce binciken da aka yi a gidajen mai masu yawa a Amurka ya nuna benzin yawanci ba ya wuce mita 100 ko kusa da haka, saboda ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna cin sa a hankali in an toshe mafarin. Makarantar tana dab da wannan tazarar, kuma rairayinmu da injin 'yan garuwa ba su ba shi natsuwar ya ce ta tsira ba.

Shawarwarinsu ba su da kwana-kwana. A rufe rijiyoyin da abin ya shafa, ba sha, ba girki, ba wanka, ba shayar da dabba. Alif ba ya cire shi, maganin da ake sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta ba ya cire shi, tafasawa a ɗaki kuwa tayar da shi take yi mai girki ta shaƙa. A dakatar da injin 'yan garuwa. Da Baba ya ce shi zai shiga ta masallaci ya yashe ta, zai fara zura fitila kamar yadda aka gada don a ga ko akwai iska, sai injiniyan ya miƙe tsaye. "Baba, don girman Allah kada wuta ta kusanci bakin rijiyar nan, kai ma kada ka shiga. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa. Kuma ko ka kwashe ruwan duka, wanda zai ɓuɓɓugo ta cikin rairayin nan zai biyo." Ranar aka yi mata murfin ƙarfe. Ko wannan kaɗai suka yi mana, ni a wurina sun ci kuɗinsu.

To, ga inda suka gaza. Rahoton da suka kawo da Turanci yake tun daga bango har bango, cike da jadawali, ga mutanen da rijiyoyinsu ake magana a kai yawancinsu ba sa karanta shi. Injiniyan ya iya bayani da Hausa tiryan-tiryan in yana gabanka, me zai hana a rubuta shafi biyu da Hausa, ko da ajami, a liƙa a ƙofar mai gari? Ni na zauna na fassara wa mutane gida-gida, kuma ba aikina ba ne in ɗauki nauyin faɗa wa magidanci cewa ruwan da 'ya'yansa suka sha yana da guba. Wanda ya auna shi ya kamata ya dawo ya faɗa da bakinsa, ya amsa tambayoyin da ni ba ni da ikon amsawa.

Jiran sakamako ma ya yi tsawo fiye da yadda suka ce, domin Legas suka aika kwalaben. Na fahimci ba ko'ina ake da na'urar ba, kuma sun nuna mana a takarda cewa an gwada cikin kwana 14 da ƙa'ida ta ba da. Amma a tsawon jiran nan mutanen gidan bayan masallaci da maƙwabtansu suna ta shan ruwan. Tun ranar da aka zana kibiya ya kamata su ce duk rijiyar da ke kan layin a dakata da ita har a ji. Ba su faɗa ba sai da takarda ta zo. Wannan ya tsaya mini a rai har yau. Sannan ƙasar da aka tono mai jiƙe da fetur sun bar ta a tsibe a bakin hanya ba rufi, yara na wasa a kai, sai da na kira su aka zo aka lulluɓe ta da leda aka killace.

Akwai kuma batun kuɗi. Jimla ɗaya suka ba mu da farko, sai da muka matsa suka rarraba, muka ga ɗakin gwaji ne ya cinye kaso mafi girma, kuma kowace kwalba da kuɗinta. Ba su gaya mana tun farko cewa su masu aunawa ne kawai ba, kwashe gurɓatacciyar ƙasa da zuƙe man aikin wasu ne da kuɗinsa daban. Mutane da yawa sun ɗauka in sun tafi rijiya za ta dawo. Gwaji na biyu ma, wanda su da kansu suka ce dole a yi in ruwa ya sake tasowa, ba ya cikin kuɗin. Duk wanda zai ɗauko su ya sa a rubuta masa waɗannan a takarda kafin ya ba da ko sisi.

A gefe guda, ba su ɓoye wa Alhaji nauyin da ke kansa ba. Sun gaya masa a gabanmu cewa ya sanar da NMDPRA, hukumar da dokar man fetur ta 2021 ta ba lasisin gidajen mai bayan an rushe DPR, da kuma NOSDRA mai kula da malalar mai, mu kuma mu kai kwafin rahoton ga ƙaramar hukuma da hukumar ruwan karkara ta jiha, RUWASA. Sun ba shi shawarar ya canza duk layukan ƙarfen zuwa bututun roba mai riɓi biyu da ake yi don mai, ya zuba siminti da ramin tare zuba a bakin sauke mai, ya riƙa gwada tankuna da layuka a kai a kai tunda ƙarfe ne mai bango ɗaya kuma ya kwana biyu a ƙasa. Ya canza layukan. Shi ke biyan kuɗin ruwan da ake turo wa gidajen da aka rufe wa rijiya daga burtsatsen sola, ko da yake matan gidajen suna shan wahala, don ruwan kura ba ya isar gida mai yara da dabbobi.

Ina ba duk garin da ke da gidan mai a tsakiyar gidaje, da rijiyoyi marasa zurfi a kan rairayi, shawarar su nemi irin wannan aikin tun wari bai fito ba, kuma mai gidan man ya fi kowa riba, ga tsadar da fetur ya yi tun da aka cire tallafi a 2023. In kun kira su, ku tambaya ko za su gwada bututu daban da tanki, ko za su auna inda ruwan ƙasa ya nufa, da irin kwalbar da za su ɗebi ruwa. Wanda ya ce ku kawo a jarka, ku yi masa godiya ku nemi wani.

Mu yanzu mukullan bututun nan uku suna hannuna. Kwamiti ya fara tara kuɗin gwaji na biyu, wanda za a yi a watan Satumba lokacin da ruwa ya fi tasowa, kuma mun yanke cewa in kuɗin bai kai na duka ba, famfon makaranta za a fara ɗiba, sai bututun da ke tsakaninsa da masallaci. Za mu sake kiran waɗannan ma'aikatan, amma da sharaɗin bayanin Hausa a rubuce da zama da jama'a a ƙofar mai gari ranar da sakamako ya fito.